Usta Haruna da naɗin da ya daina zafi

Shekara tara ke nan da rasuwar Usta Haruna, mai gyaran kahrabar tarakta, wato wutar lantarkinta, a bayan kasuwar hatsi ta Gadarif. Ni malamin kimiyya ne a makarantar 'yan mata, shi kuwa daga aji huɗu ya bar karatu. Abin da ya haɗa mu wata na'ura ce da ta kusa ƙona mini aji.

Yawancin ɗalibaina 'ya'yan masu aikin riɗi da dawa ne, kuma duk abin da suka sani game da kahraba a allo suka gan shi. Sai na ƙudura zan haɗa musu na'urar nan mai naɗin waya biyu, gajere a ƙasa, dogo a tsakiya, wadda ke feso tartsatsi a iska har ta kunna ƙwan lantarki ba tare da waya ba. A gwajin farko, kafin minti biyu naɗin ƙasa ya ɗau zafi, robar wayar ta narke, hayaƙi ya turnuƙe ajin. Mudir, shugaban makarantar, ya ce in na sake, zai mai da ɗakin gwaji sito. Ya ba ni wa'adi zuwa ranar taron iyaye.

Na kai ta warshar Usta Haruna, wato shagon gyaransa, da maganina a baki: a sa waya mai kauri. Ya sa, zafin ya ragu kaɗan kawai. Ya kashe wuta, ya sauke ragowar cajin, sannan ya bi naɗin da bayan hannunsa a hankali. Ya ce zafin ya fi taruwa a mahaɗai da inda zagaye ke manne da zagaye. Ya shiga ciki ya fito da siririn bututun jan ƙarfe da ya ciro daga wata matacciyar tallaja, wato firiji.

Na ce, "Usta, wannan ai cikinsa fanko ne."

Ya ce, "Ya Ustaz, ba kai ka ce mini wutar nan mai saurin kai-komo a fatar waya take gudu ba? To me za mu yi da cikin? A ba ta fata mai faɗi."

Na yi shekaru ina karanta wa yara wannan jimlar, ban taɓa tunanin amfaninta ba.

Kwana huɗu ya yi a kanta, ga kaka ta kama, taraktoci sun yi layi a ƙofarsa. Wani mai gona daga Ƙala'at an-Nahal ya yi fushi ya ja tasa ya tafi. Usta ya lanƙwasa bututun a kan busasshen katako, ya bar faɗin yatsa tsakanin zagaye da zagaye don iska ta ratsa. Ya rage tsawon wayoyin haɗi, ya kankare kowace mahaɗa har ta yi ƙyalli kafin ya liƙe ta da dalma. Ƙusoshin da na buga kusa da naɗin ma ya zare su, ya ce su ma suna shan wuta su yi zafi, ya maye su da turakun itace.

Ranar taro ya ja layi da alli ya hana kowa tsallakawa. Na'urar ta yi aiki har iyaye suka gaji da kallo, bututun kuwa ɗumi kawai ya yi. Ba a rufe ɗakin gwaji ba.

Yau ɗakin nan iyali uku ne ke kwana a ciki, waɗanda yaƙi ya koro. Kahraba ta zama sai an ga dama, kowane rufi da farantin sola. Nakan wuce in ga an ja wuta da waya siririya kamar zare, mahaɗa a murɗe da hannu, ta yi baƙi. Na san da Usta yana nan ba zai yi wa kowa faɗa ba. Zai tsuguna ya kwance, ya kankare, ya ɗaure, mai gida na tsaye yana jin kunya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. A ranar taron, Mudir ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce makaranta na alfahari da basirata. Usta Haruna na tsaye a bakin ƙofa da jallabiyarsa mai tabon mai, yana tafi tare da jama'a. Na karɓi yabon, na yi shiru. Bai taɓa tada zancen ba har ya bar duniya.

Ɗalibaina na wancan lokaci sun watsu, wasu suna koyarwa, wasu suna aikin asibiti, kuma har yau suna cewa ni na nuna musu kahraba da idonsu. In wannan shafi ya iso gare ku, ku gyara. Ni littafin na karanta. Usta Haruna ne ya fahimce shi. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini shirun da na yi.