Shafin da Muka Tsaya

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In zai kira ni sai ya ce "kai", in kuwa zai yi maganata da wani sai ya ce "wancan na Kambarawa", saboda can na gina gida bayan na yi aure. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Ƙannena kan zauna kusa da shi su yi ta zuba, har su sa hannu a kwanonsa, ni kuwa gaisuwa ce a durƙushe daga bakin ƙofa, in tashi in ba shi wuri. Haka muka yi shekara arba'in da wani abu.

Baba malamin firamare ne, har ya kai hedimasta. Ya ajiye aiki daidai lokacin da sojoji suka koma bariki, 'yan siyasa suka karɓi mulki, kuma tun daga nan bai da wata sana'a sai karatu. Zauren gidanmu na Ƙofar Guga cike yake da littattafai, na boko da na Larabci, wasu a kabad, wasu a akwatin ƙarfe saboda gara. Tsaransa suna can bakin masallaci suna gardamar jam'iyya, shi yana kan tabarma da tabarau a karan hanci.

Bayan wasu shekaru sai ido ya fara ba shi matsala. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba ya warkewa, sai dai a riƙa ɗiga magani a rage masa gudu. Baba bai ce wa kowa uffan ba. Wata rana bayan la'asar na shigo gaisuwa na tarar ya kanga littafi dab da hancinsa, hawaye na zuba daga idon da ya ƙure. Bai dube ni ba, sai ya ce wa bango, "Masu buga littafin yanzu ba su tausayin tsofaffi." Littafin kuwa ya girme ni. Ban san lokacin da na zauna a gefen tabarmar na karɓe shi na fara karantawa da ƙarfi ba. Bai ce na gode ba, bai kuma ce in bari ba.

Daga ranar, kullum na tashi daga sakatariya sai Ƙofar Guga, daga la'asar zuwa gab da magariba. Yakan gyara mini furuci kamar ɗan aji uku, in ji haushi in haɗiye. Amma a wannan zaman ne na fara sanin ubana. In muka zo wurin da aka ambaci wani gari, sai ya ɗaga hannu in dakata, ya ba ni labarin yadda aka tura shi koyarwa can yana saurayi, da keken da ya yi ta faci a hanya, da ranar da aka aiko masa cewa an haife ni ya rasa wanda zai faɗa wa saboda kunya. Littafin yake kallo yana magana, ni ma littafin nake kallo. In babu littafi a tsakaninmu, ba mu da hujjar zama tare.

To, in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na gaji. Wajen shekara biyu ina wannan sintiri. Zaɓe ya matso, aiki ya yi mana yawa a ofis, in dawo gida yara sun yi barci, maiɗakina tana ƙorafi. Rannan wani abokin aikina da ya dawo daga kwas a waje ya nuna mini na'urar karanta littattafai. Kai, abin ya tafi da ni! Ba ta fi tafin hannu biyu ba, ba nauyi, ga rigar fata. Fuskarta ba ta ƙyalli irin na waya, kamar takarda take, tana da haskenta mai laushi da ba ya sukar ido. Littafi dubu sai ya shige cikinta, ruwa ba ya yi mata komai, gara kuwa sai dai ta haƙura. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ana ƙara girman baƙaƙe yadda aka ga dama. Na sa aka sayo mini wadda ta fi kowace tsada, don kada a ce na yi wa ubana rowa. Na gaya wa kaina don Baba na saya, ya daina jiran kowa. Rabin maganar gaskiya ce.

Na zuba mata littattafai, har na samo wani littafin tarihi da muke tsakiyar karantawa, wanda Baba ya koyar da shi shekara da shekaru. Na buɗe daidai shafin da muka tsaya jiya, na ƙara baƙaƙen har kowane harafi ya kusa kai ƙwayar gyaɗa, na ɗora masa a cinya.

"Mi ne ne wanga kuma?" in ji shi.

"Allo ne, Baba, na zamani. In ka gama shafi sai ka danna nan, ya juya da kansa."

Na kama yatsansa na ɗora a kan maɓallin. Rabon da in taɓa hannunsa tun ina yaro. Na karanta masa layin farko don ya gane wurin, sai kawai ya ɗauka daga nan, layi biyu, uku, ba tuntuɓe. Daɗi ya kama ni har na tafa hannu.

"Ka gani ko, Baba? Yanzu ba sai ka jira ni ba."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Haka ne hwa. Allah shi yi albarka."

Shi ke nan, na mayar da zuwana ranar Juma'a kawai, na koma gaisuwar bakin ƙofa. Kullum na zo zan same shi a zaure, allon na kan cinyarsa. In ce, "Baba, ya allo?" Ya ce, "Allo ya yi ƙwarai." Wani lokaci har ya ɗan ba ni labarin abin da ke cikin wani babi, in tafi ina murna. Inna ce ke jona shi a caji in an kawo wuta, kuma ta taɓa ce mini sai ya fi wata bai nemi caji ba. Ni kuwa wawan, washegari na je ofis ina cika baki, ina cewa abu mai tsada daban yake, ku ji ƙarfin batir! Har mutum biyu na zuga suka saya.

Shekara ɗaya da 'yan watanni aka yi a haka. Baba ya kwanta zazzaɓi kwana huɗu, ranar na biyar da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai, da ƙannena suka zauna kan littattafan zaure, kowa na ɗaukar wanda ya ga rubutun Baba a gefensa, Inna ta aiko a kira ni ɗakinta. Ita ma ba ta faɗin sunana. Ta turo mini allon a kan tabarma, a naɗe cikin wani tsohon rawaninsa, ta ce, "Ga kayanka."

Na buɗe rigar fatar, fuskar ta kawo haske. Wannan na'ura tana da wani hali da na yi ta yabo a da: ba ta manta inda mai karatu ya tsaya. Shafin da ya fito shi ne wanda na buɗe masa ranar farko, da baƙaƙen nan manya-manya, da layin da na karanta masa. Na shiga sauran littattafan ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ba a taɓa buɗewa ba.

"Inna, Baba bai karanta komai a ciki ba?"

"Da wane idon?" in ji ta. "Tun kafin ka kawo shi ba ya ganin baƙi. Haske kawai yake gani, fari fat."

"To ai a gabana ya karanta!"

"Littafin da ya koyar shekara nawa? Da ka ya kawo maka."

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a ɗakin uwata, abin da ban taɓa yi ba. Na ce haba Inna, shekara guda cur, a rasa mai gaya mini? Ina cikin garin nan, ba Legas nake ba! Ta bar ni na gama faɗana, tana kallon ƙasa.

"Na so in aika maka, ya hana," ta ce. "Ya ce ka yi ɗawainiya ka sayo abu mai tsada, ba ya buɗe baki ya ce maka bai yi ba. Kuma yaya za a yi ya roƙi ɗan fari ya zo ya zauna da shi?"

Haushin Baba nake ji, ina jin haushin kunyar nan tamu da ta hana uba ya ce wa ɗansa zo, amma wanda na fi jin haushi shi ne ni. Na ji amsarsa ranar nan, na ji shirun da ya yi kafin ya sa mini albarka, kuma na gane, sai dai ban so in gane ba.

Na tambaye ta me yake yi da allon duk tsawon lokacin nan. Ta ce kullum ya dawo sallar la'asar sai ya sa ta shimfiɗa tabarma, ya buɗe shi ya ɗora a cinya har a kira magariba. Wata rana tana goge fuskar allon da gefen zane, yatsanta ya kusa kai wa maɓallin, sai Baba ya riƙe mata hannu.

"Kada ki danna," ya ce mata. "Nan muka tsaya. In ya samu sarari, sai mu ci gaba."

Na'urar tana nan a ɗakina har yau, lafiyarta lau, ko ƙwarzane babu. Yarana sun sha roƙona in ba su su yi karatu da ita, ina hana su, suna cewa ni marowaci ne. Duk wata nakan jona ta a caji don kada ta mutu. Ban taɓa danna maɓallin ba.