Taron Likitoci a Kan Dutsen Bayan Gari

Da 'yata ta ce taron ɗaliban likitanci da za ta je Kaduna an mayar da shi ta waya, sai da na yi hamdala. Hanyar nan tamu, in naka ya hau ta, abinci ba ya wuce maka wuya sai ka ji ya sauka.

Murnar ba ta daɗe ba. A unguwarmu sabis ba ya ɗaukar hoto, sai an hau dutsen bayan gari, mai kallon daji. A lokacin kuwa, duk wanda aka gani a tudu da waya a hannu, cewa ake yi rahoto yake kai wa ɓarayin daji.

Na ce ta haƙura. Ta ce, "Baba, tun bara nake haɗa aikin nan. In aka kira ni ba na nan, wuce ni za a yi."

Na sanar da mai unguwa cewa za mu hau dutsen, na koma na sake tuna masa, har ya fara tsuke fuska. Duk da haka hankalina bai kwanta ba.

Da hantsi muka hau. Ta zauna, ta sa abin ji a kunne, ni kuma ina tsaye ina ta waige. Ta fara magana da Turanci ke nan, sai ga wani ɗan banga ya ɓullo da bindigarsa ta gargajiya. Saƙon mai unguwa bai kai gare shi ba.

"Baba, da wa take magana?"

"Da malamanta, ɗana. Likitoci ne."

Ya leƙa ta bayanta. A daidai lokacin ta buɗe taswirar ƙauyukanmu, ga Damari, ga Kakangi, kowanne da jan ɗigo.

"Wannan fa? Garuruwanmu take nuna musu?"

"Inda mata ke haihuwa ba asibiti kusa ne," na ce. "Don Allah kada ka taɓa wayar. In ta katse, shi ke nan. Ni ka riƙe."

Na miƙa masa hannuwana biyu. Bai kalle su ba. Ya ƙura wa wayar ido, inda fuskoki suka jeru a ƙananan akwatuna, wata dattijuwa mai tabarau tana gyaɗa kai. 'Yata ba ta waiwayo ba, ta ci gaba da bayaninta.

Can ya ce, "Ta manta ƙauyenmu. Mu ma ba mu da asibiti."

Ya juya mana baya, ya fuskanci dajin yana gadinmu. "Ce mata ta yi sauri, Baba."

Ta kai ƙarshe, aka yi mata tambayoyi, ta amsa. Muna sauka na tambaye ta ko malamanta sun ji ina roƙo. Ta ce ba su ji ba. Na sake tambaya a ƙofar gida.