Igiyar da Na Ɗaure Tamau

Ni na kashe san ƙanena, kuma ba wuƙa na sa ba, taurin kai ne. Gara in faɗa da bakina tun farko, don masu ba da labarin a ƙauyenmu suna yi mini sassauci, wai ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana. Amma ni ta aika, na kuwa tafi da gudu.

Aji biyu na yi a firamare, abin da na fito da shi tabon bulala ne. Sauran ilimina a bayan mota na same shi. Shekara arba'in ina lodin buhunan masara da dawa a kasuwar Ƙanƙara, har ta kai direba ba ya tayar da mota sai na taɓa igiyarsa na ce ta yi. Karatuna duka layi ɗaya ne: igiya sako-sako ita ke zubar da kaya, ka ja ta tamau har ta yi kuka in ka kaɗa ta da yatsa. Da wannan layin na ci abinci, na yi aure, na aurar.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, sa'ana. Shi ya yi boko har ƙarshensa, ya koyar da fiziks a Faskari, aka mai da shi Sabuwa, ya yi ritaya ya dawo gida da tabarau da ciwon gwiwa. Kowa Malam yake ce masa, ni kuwa bawana. Shi ma haka yake kirana. Wanda ya san wasan taubasai ya san ƙa'idarsa: ba ka yarda da maganar taubashinka a gaban jama'a. In ya ce rana ta fito, sai ka ce tsufa ya ci masa ido. Tun muna yawo ba wando muke haka, ban taɓa bari ya ci ni ba.

Ƙanena manomi ne, mutum marar magana. Shanun huɗa biyu gare shi, ɓarayin daji suka kore ɗaya tare da na mutane. Ya rage masa wani jan bijimi mai karyayyen ƙaho, wanda yake haɗawa da na maƙwabcinsa, yau a yi huɗar wannan, gobe ta wancan. Gonar da ke ciyar da gidansa a wuyan san nan take rataye, don shi kansa bayansa ya daɗe da lalacewa, ba ya iya wuni a duƙe.

Farkon damina, da hantsi, aka zo aka ce san ya faɗa tsohon ramin da masu haƙar farar ƙasa suka bari a bayan gari. Na ishe mutane sun yi da'ira. Ramin ya kai gaba biyu da wani abu, taɓon da ke ƙasa ya tare san, yana tsaye da ƙafafunsa huɗu, ko ƙwarzane babu, yana ɗaga kai yana kallonmu. Aka ce a sare gefen ramin a yi masa gangara ya hau da kansa, amma hadari ya haɗo daga gabas, kowa ya san ruwa zai cika ramin kafin a gama. Wani ya hau babur ya aro mana ƙarfen nan mai sarƙa da kanikawa ke ɗaga injin mota da shi. Saura wurin rataye shi. Akwai ɗorawa a wannan gefe, kaɗanya a wancan, ramin a tsakaninsu. Sai idanu suka juyo kaina, tunda maganar igiya ce.

Na aika aka ɗauko igiyar lodina, mai kaurin babban yatsa biyu. Na ɗaura ta a ɗorawa daidai inda hannuna ya kai, na kai ta kaɗanya, na sa ƙarti shida suka ja, na zura sanda na murɗe ta har ta miƙe sambal kamar tsarkiyar baka. Na kaɗa ta, ta yi kuka. Na ji daɗi.

Nan Malam ya iso yana ɗingishi.

"Bawana, wanga shanya za ka yi ko sa za ka ɗaga?"

"Ku ba tsoho wuri ya zauna," na ce, "kada ya faɗa mu rasa wanda za mu fara fiddawa."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya karɓi sandar wani, ya share ƙasa da tafin ƙafa, ya ɗiga ɗigo ɗaya. Ya ce wannan shi ne tsakiyar igiya, inda za a rataya san. Ya ja kibiya daga ɗigon zuwa ƙasa, doguwa, ya ce nauyin san ke nan. Ya ce muddin ana so san ya tsaya a sama bai faɗo ba, dole a sami abin da ke ja sama daidai da yadda nauyin ke ja ƙasa, ba ƙari ba ragi. Sannan ya ja kibiya biyu, ɗaya ta nufi ɗorawa, ɗaya ta nufi kaɗanya, duk a kwance.

"To ku duba. Waɗannan ina suke ja?"

"Gefe," in ji wani.

"Gefe. Ɗorawa na ja, kaɗanya na ja, suna cinye ƙarfin juna kamar ni da wanga bawa nawa. Jan igiya kashi biyu yake rabuwa, na gefe da na sama. In ta miƙe haka, kusan dukansa gefe yake tahiya, ɗan kaɗan ke kallon sama. Kafin ɗan kaɗan ɗin nan ya kai nauyin sa guda, sai igiyar ta ɗauki nauyin shanu da yawa. Ku hau can sama ku ɗaure ta, ku sassauta ta yi ciki sosai. Sannan kibiyoyin za su kalli sama."

Ya goge na kwancen, ya zana wasu a tsaitsaye, kamar mutum ya ɗaga hannu biyu yana addu'a.

Na ce shekara arba'in ban taɓa jin sako-sako ya fi tamau ba sai a bakin wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi alli nauyi ba.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kai da wani kun kama kunnen buhu, kowa da nasa. In kun matso kusa da juna, da in kun buɗe nesa, yaushe kafaɗa ta fi ciwo?"

Wallahi a nan take na gane. Ba zanen ne ya gaya mini ba, kafaɗata ce. Sau nawa na daka wa sabon ɗan lodi tsawa ya matso kusa kada ya tsinke mini hannu? Abin da na sani tun ina saurayi ne mutumin nan ya zana a ƙasa da kibiya uku. Na dubi igiyata, sai na ga ƙarti biyu sun buɗe iyakar buɗewa, an ce su ɗauki sa.

Abin da ya rage in nuna igiyar in ce a kwance. Kalma biyu. Amma mutum talatin na tsaye, bakinsu a buɗe, suna jiran abin da zan mayar wa taubashina, kuma a kan igiya, abu ɗaya tak da aka san ni da shi a duniya. In ya ci ni a nan, me ya rage mini?

Na taka zanen da takalmina, na murje shi.

"Malam ya gama darasi, a buga ƙararrawa. Yara, a tahi hutun tara!"

Dariyar da aka yi har da masu riƙe ciki. Ƙanena ne kaɗai bai yi ba. Ya ce a hankali, "Yaya, ko a gwada ta Malam?" Na ce masa tun yaushe ƙane ke koya wa wa ɗaurin kaya. Ya ja da baya, don haka aka tarbiyyantar da shi. Malam ya ce, "Don Allah, Alhaji, ba wasa nake ba." Bai taɓa ce mini Alhaji ba sai ranar. Na yi kamar ban ji ba.

Mutum biyu suka sauka suka yi wa san majanyi da buhuna da igiya a ƙirji da ciki, aka rataya ƙarfen a tsakiyar igiyata, aka maƙala ƙugiya, aka fara jan sarƙa. San ya fita daga taɓo. Igiyar ta ɗan lotsa, ta soma wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, siriri, kamar sauro a kunne. Ƙahonsa ya iso bakin rami, har ƙanena ya miƙa hannu yana kiransa. Ina kallon ƙullin da ke jikin kaɗanya, ina ganin zaren na tashi ɗaya bayan ɗaya, kuma ko a lokacin da na ce a sauke da an sauke.

Ta tsinke kamar harbin bindiga. Bakinta ya tsala wa wani a kunci, tabon na nan har yau. San ya koma da baya, ƙarfen ya bi shi. Da muka leƙa, yana ta haƙilon tashi da ƙafafun gaba, na baya ba sa motsi. Ƙanena da kansa ya sauka da wuƙa don kada ya zama mushe. Gunduwa-gunduwa aka fito da shi a cikin ruwan sama, da guntun igiyata.

Malam bai ƙara ce mini bawana ba. In mun haɗu a masallaci, sai ya gaishe ni da ladabi kamar baƙo, ya tambayi iyali, ya wuce. Na gwada tsokanarsa sau biyu, ya yi murmushi kawai. Ban san zagi na da daɗi ba sai da aka daina yi mini.

Daminar nan da hannu ƙanena ya yi huɗa, rabin gonar ma bai kai ba, sauran ciyawa ta cinye. Na ɗauki garmata na je taya shi, ni da ban iya noma ba, kunyoyina a karkace kamar tafiyar maciji. Bai hana ni ba, bai kuma gode ba. Kullum in mun zauna shan fura sai in kawo zancen, in ce igiyar yanzu ba ta da ƙarko, leda ce zalla, ƙaddara kuma ba ta da magani. Yakan ce haka ne.

Ran nan muna tashi, ya dafa ƙugunsa ya daɗe kafin ya miƙe. Bai dube ni ba, gonar yake kallo.

"Yaya," ya ce, "lokacin da Malam ya yi maganar kunnen buhu, ina kallon fuskarka. Ka gane."