Gawar ƙanena a tele

Muna aikin gini a unguwar Gataa El Oued, ni da ƙanena, lokacin da masu sinima suka zo Tamanrasset. Suna neman mutane irinmu, waɗanda za su fito a matsayin matafiyan da motarsu ta mutu a sahara. Aka kwashe mu a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa bayan ƙauyen Outoul. Da aka nemi wanda zai kwanta ya yi gawa, kowa ya ja da baya. Ni na tura ƙanena.

"Je ka," na ce masa, "kai da ko a wurin gini kwanciya ce aikinka."

"Yaya, ai kai ka fi kama da gawa," ya ce, yana dariya.

Aka shafa masa wani farin abu a leɓe, aka watsa masa rairayi a fuska. Ya kwanta tsit, har mai kamara ya tafa masa. Muka koma ga simintinmu muka manta. Da aiki ya yi wuya, ya bi wata mota ta hanyar garin Janet zai shiga Libiya, ya ce in ya isa zai aiko saƙo. Saƙon bai zo ba.

Ashe sinimar ta ci babbar kyauta a wani bikin fina-finai na duniya, ta fi dukan dogayen fina-finan da aka kai. Telen Nijar ta ba da labarin da Faransanci, ta nuna ɗan guntu. A garinmu, kusa da Damagaram, tele ɗaya ce, mai aiki da batirin mota. Ba wanda ya ji abin da ake faɗa. Fuskar ƙanena kawai suka gani cikin rairayi.

A lokacin, da kaset muke gaisawa da gida, direbobi ke kai mana. Kaset ɗin da ya zo muryar kawunmu ce, yana yi mini ta'aziyya, ya ce matar ƙanena ta shiga takaba. Na aika nawa, na rantse wasa ne aka yi, ina wurin. Amsar Inna gajera ce: "In wasa ne, ya yi mini magana."

Na bar gini na koma zaman tasha. Na tambayi Buzayen da suka san hanyar, na tambayi masu dawowa daga Libiya. Wurin jandarma ban je ba, ba ni da takardu. Wani direba ya ce mini, "Malam, na sauke su a Janet lafiya. Daga nan kuma Allah masani."

Tun muna yara ake cewa muryarmu ɗaya. Na aro rediyo mai ɗaukar murya, na shiga wani ɗaki da ba mu gama rufewa ba, na zama shi. Na gaida Inna yadda yake gaida ta, na ce ina Libiya, aiki ne ya riƙe ni. Na gaida matar, har na yi mata wasa.

Kaset na gaba, direban ya ce an ce ya ba ni hannu da hannu.

"Babba, na ji," in ji Inna. "Yarinya ta fita takaba, an yi ta murna, ban ƙaryata ka gaban mutane ba. Amma ni na haife ku ku biyu. Ka faɗa mini abin da ka sani."

Na faɗa mata ban san komai ba. Ta rufa mini asiri, ni kuma na kasa buɗe baki in gaya wa sauran. Matar ta zauna shekaru tana jiran mijin da ta ji da kunnenta, sai da mahaifinta ya je gaban alƙali aka raba auren. Ƙanena har yau ban ji labarinsa ba.