Robar Ƙafa a Hanyar Kunci

Mun tashi da asuba daga Bacirawa, mu uku a tsohuwar motata, za mu wani ƙauye bayan Kunci. Ni zan karɓa wa ɗan yayana aure, kuma da hantsi za a ɗaura. Makon jiya bakanikena ya sauya mini robobin ƙafar gaba ta motar, don haka na kama hanya da ƙwarin gwiwar wanda bai san abin da aka yi masa ba.

Kwalta ta yi mana mutunci har Bici. Can muka sha koko da ƙosai, ƙosan da tsada ta tsotse har ya koma ƙwayar magani. Muna shiga ramuka, gero dama da hagu, gida na kallon gida, sai ƙafar hagu ta fara ƙwal-ƙwal. Sitiyari ya dinga ja gefe kamar yana da gona a can.

A Kunci wani bakanike ya leƙa ya ce sabuwar robar ta tsage. "Alhaji, a kan jak aka ɗaure ta?" Sai na tuna. Mota na rataye, tayoyi na reto, mutumin nawa ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa, yana rantsuwa notin nan ba zai kwance ba har abada. Bai kwance ba kuwa. Robar ce ta murɗe da aka sauke motar, hanya ta ƙarasa ta.

Neman wata roba ya cinye hantsi. Da aka saka, bakaniken ya tura motar kan ramin gyara, ya ce mu shiga mu zauna kafin ya ɗaure. "Duk ku shiga. Malam mai tumbi, gaba." Muka zauna da manyan riguna a motar da ba ta tafiya, waya na ta kuka, masu wucewa na mana sannu da hanya.

Mun isa an shafa Fatiha. Wani maƙwabci ne ya karɓi auren. Yayana ya dube ni ya ce, "Ya motar?"

Da magariba muka dawo gida, ƙafa shiru. Darasin da na kwaso: a kan jak lallaɓa noti ake yi, ɗaurewa sai mota ta tsaya da nauyinta, kuma ƙarfin dantse ba ya maye gurbin wannan. Mota dai ta warke. Yayana ne har yanzu bai ɗaga wayata ba.