Cibiyar Injin Baba

Ranar wata Laraba ce, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, an gama yankan gero, dawa kuma ta fara sunkuyar da kai. Ina tsakar gidanmu a Zurgu ina ɓarar gyaɗa sai ga Baba ya turo babur, da wani abu naɗe cikin buhu a baya. Da ya kwance, sai ga injin yankan itace, ja, wanda ya riga ya sha wuya a hannun mai shi na farko, da dogon harshe mai haƙora kamar na kada. Kakata, wadda aka sa mini sunanta, ta leƙo daga ɗaki ta dube shi sau ɗaya, ta ce ita dai ba ta ga alheri a abin da haƙoransa ke waje ba.

Baba bahago ne. Kaka ta sha ba mu labarin yadda ta yi fama da shi yana yaro, har hannun cin tuwo ya koma dama, amma na fartanya ya ce sam. Da hagu yake noma, da hagu yake sara, kuma da hagu ya kama igiyar injin nan. To, injin yana da wani ɗan maɓalli baƙi a gefe, wanda in an danna shi kafin a ja igiya sai ya saki numfashi, igiyar ta yi laushi. In ba a danna ba, sai ta ƙage ta fizge mutum. Da inji ya yi tari sau ɗaya sai maɓallin ya fito, sai an sake dannawa. Mai ja da dama, babban yatsan hannun da ya riƙe marikin a kan maɓallin yake sauka. Shi kuwa Baba da ya juya hannuwa, sai abin ya koma can bayan tsintsiyar hannunsa, sai ya saki mariki kafin ya kai gare shi. Ya yi dariya ya ce wanda ya ƙera wannan abu bai taɓa haihuwar bahago ba.

Ni na raɗa wa maɓallin suna cibiya, don ya yi kama da ta ƙanena, kuma ni aikin dannata ya faɗo wa. Kullum da safe, bayan na ɗebo ruwa na share gindin murhu na watsa wa kaji dusa, sai Baba ya ajiye injin a gindin darbejiya, ya take shi da ƙafa, ya ce, "Uwata, zo ki taɓa masa cibiya." In tsuguna in danna, ƙyas, ya ja, inji ya yi tari, in sake dannawa. Da ya kama sai hayaƙi mai ƙaurin fetur ya cika gida, awaki su yi ta fizgar turke, ni kuwa in suri allona na makarantar boko da gudu ina taƙama. In ya yi ɗumi ba ya gardama, don haka Baba ke ɗumama shi a gida kafin ya tafi yi wa mutane yankan azara da itacen girki. A filin makaranta ƙawayena suna 'yar carafke suna tsokanata wai ina warin babur, ni ko a jikina.

Da na gama aji shida na samu makarantar kwana. Kaka ta ce ba inda za ni, wa zai taɓa wa uban nawa cibiya? Baba ya ce ko da haƙori zai danna, tafiya dai sai na yi. Inna, mahaifiyata, ta karɓi aikin, tana dannawa ido a rufe tana salati.

Ban cika zango ɗaya ba aka kira Baba ƙauyen Kahu, don ya sare wata tsohuwar tsamiya da ta tokare wa wani mutum filin gini. Kowa ya san abin da ake faɗa game da tsamiyar nan. Ko yara ba sa tsintar 'ya'yanta, Fulanin da ke wucewa da shanu ma kewaye ta suke yi. Baba ya ce shi Allah ya riƙe. Amma tafiyar da nisa, ga raɓa, kafin ya isa inji ya huce. Mutane sun taru, sai dai can nesa suka tsaya. An ce ya ɗaga kai ya roƙi wani ya zo ya danna masa, abin da yarinya 'yar aji huɗu ke yi, aka rasa mai shiga inuwar. Sai ya miƙa hannu ya danna da kansa, ya ja, inji ya yi tari, cibiya ta fito bai lura ba, ya tattara ƙarfinsa ya ja. Igiya ta ƙage. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar kafaɗarsa daga inda suke.

Da na dawo hutu na tarar da shi zaune a gindin darbejiya, hannun hagun rataye da tsumma, ɗakinsa na ta ƙamshin turaren iskoki. Mai ɗori ya ɗaure, an sha rubutu, an je asibiti a makare, hannun dai sai ƙanƙancewa yake. Gari duka ya gama yanke hukunci cewa mutanen tsamiya ne suka kama shi. Ni kuwa da aka ba ni labarin yadda abin ya faru, na gane tun daga tarin farko. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka har na gode Allah. Na jira Kaka ta shiga banɗaki, na tsuguna gabansa na ce masa ba tsamiya ba ce, cibiya ce, kuma ni na bar makaranta ke nan, zan gaya wa kowa.

Ya dube ni. Sannan ya rage murya ya ce, "Na sani, Uwata. Ki bar su su ce tsamiya ce. Ita tsamiya ba ta da makarantar da za a cire ta."

Haka ya riƙe zancen har ya koma ga Allah. Duk wanda ya zo dubiya ya kawo maganar iskoki sai ya gyaɗa kai, har ya ƙara masa gishiri. Kaka ta rasu tana tsine wa bishiya, ba ta taɓa ɗora wa karatuna laifi ba. Injin ya yi shekaru a rataye a zaure, gizo-gizo ya yi saƙa a haƙoransa, kuma duk wucewar da zan yi sai na kau da kai.

Yanzu ina koyarwa a Rano, 'ya'yana ba su san ƙaurin hayaƙin nan ba. Tsamiyar Kahu tana nan, an yi gini an kewaye ta, tsoronta ma ya ƙaru saboda Baba. Kwanakin baya na bi ta wani shago a kasuwa na ga sabbin injuna jere, maɓallinsu a bisa, a tsakiya, inda kowane yatsa zai kai, na dama ko na hagu. Ban san lokacin da na tsuguna na danna ɗaya ba. Ƙyas. Na tsaya ina jiran a ja igiya, har mai shagon ya tambaye ni ko Hajiya saye za ta yi. Tsakanin wurin da aka sa cibiyar injin Baba da wurin da aka sa wannan bai kai taƙi ɗaya ba, kuma a nan hannun Baba ya tafi.