Ƙusoshin Bakin Rafi

Ranar Alhamis ta ƙarshe a watan Yuli, da ƙarfe goma na safe, ina tsaye a wani wurin yankan katako a bayan Guangzhou, tare da ɗana Ishaya da mai wurin, wanda kowa ke kira Laoban, wato maigida. Ishaya ya kawo ni ne in ga gumaguman maɗacin da ya yi jigilarsu daga garinmu. Na tambaye shi inda aka sare su.

"Bakin rafi, Baba. Su kaɗai suka rage masu kauri."

Nan take na tuna Kaka Tani.

Muna yara, bayan tuwo, takan zaunar da mu gaban murhu ta ba mu labarin kafuwar garin. Masu zarto ne suka fara zama, suna yanka katakon da ake shimfiɗa wa layin dogo, ɗaya a kan gungume, ɗaya a cikin rami, ƙurar itace na zuba masa a ido. Bukkokinsu suka zama unguwa, unguwa ta zama gari. Da suka ga rafi yana janyewa duk inda aka sare inuwarsa, sai dattawansu suka buga wa kowane itacen bakin ruwa ƙusar layin dogo har ta nutse.

"Itace ya haɗiye ta, jikokina," in ji ta. "Ido ba ya ganinta. Zarto kuwa zai same ta."

A makarantar mishan an hore mu kada mu furta abin da ba mu tabbatar ba, ni kuwa ban taɓa ganin ƙusar ba. Amma ga wani ma'aikaci yana turo gungumen farko, fuskarsa dab da zarton inji, babu ko tabarau.

"Ishaya, ka ce su tsaya."

"Haba Baba! A kan tatsuniya? Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani. Ka ce su tsaya."

Da aka yi masa bayani, Laoban ya yi dariya yana kaɗa hannu. "Meyo, meyo," wato babu. Na je na tsaya a gaban injin, ban matsa ba sai da aka kashe shi, aka kawo gatari.

Ina yaro na ɗauka wayon kakanninmu Kaka Tani take yabawa. A wannan safiya na gane saƙo take bar wa duk wanda zai kasance a wurin ranar da aka manta.

A gungume na biyu aka sami ƙusar, baƙa ƙirin, tsawon taƙi. Laoban ya ƙi karɓar kayan baki ɗaya. Ishaya bai yi mini magana ba har muka sauka Kano.